Tallata shiri mai dogon zango a Durban: wa ya san hanya?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san hanya. Akwai shiri mai dogon zango da muke son yi, daga wani littafi da ya yi tashe a WhatsApp, labarin wasu mata 'yan gida ɗaya masu shagon atamfa a Kantin Kwari da rigimar gadon da ta shiga tsakaninsu. Wani ya ce in tura shi Durban FilmMart, kasuwar fim ta birnin Durban a Afirka ta Kudu, wai can ake tsayawa gaban masu kuɗi a tallata labari su zuba jari. Na shiga shafinsu, da na ga takardun da suke nema kaina ya ɗaure. Wa ya taɓa zuwa? Nawa suke bayarwa? In an ba mutum kuɗin, yaushe ake so ya shiga lokeshin?

Sarkin Lokeshin:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kuɗin jirgin Durban da na otal kaɗai zai ɗaukar miki kashi da dama ki ɗora a YouTube. Kafin Turawan nan su gama karanta takardarki kin kai zango na biyu.

Tsohon Edita:
Hajiya, tambayarki ta ƙarshe ita ce ya kamata a fara warwarewa, domin a nan yawancinmu muke ruɗewa. Kuɗin da ake nema a irin waɗannan tarukan ba na shiga lokeshin ba ne. Kuɗin raya labari ne. Da shi ake biyan marubuci ya zauna watanni yana rubutu ba tare da yana tunanin cefane ba, a biya mai littafi haƙƙinta, a yi bincike, a ɗauki lauya, wani lokaci a ɗauki ɗan gajeren talla na minti biyu ko uku don a nuna kamannin shirin. Kyamara ba ta fitowa sai bayan shekara ɗaya ko biyu, in ma ta fito.

Ita Durban FilmMart an fara ta a 2010, bisa al'ada a watan Yuli ake yin ta, kuma suna rufe karɓar takardu watanni da yawa kafin lokacin. Kasuwa ce, ba asusu ba. Abin da suke yi shi ne su tace ayyukan da aka turo, su zaɓi 'yan kaɗan na fim, da na labarin gaskiya (dokumentari), da masu dogon zango, da na zane mai motsi, su haɗa ku da masu horarwa, sannan ranar taro ku hau dandamali ku yi bayani cikin mintoci da ba su cika kai goma ba. Bayan nan sai zaman ido da ido da wakilan tashoshi da masu rarraba fim da masu asusu. Kyaututtukan da ake rabawa a ƙarshe, wasu kuɗi ne, amma da yawa gayyata ce zuwa wata kasuwar, kamar Rotterdam ko Amsterdam. Ni na je a matsayin ɗan kallo, kuma na ga mutane sun ci kyauta sun dawo gida ba ko sisi a aljihu sai tikitin wani taron.

Sarkin Lokeshin:
To ka ji fa. A ci gasa a ba ka tikitin wata gasar. Baba, wannan ai yawon duniya ne ba sana'a ba.

Tsohon Edita:
Akwai masu mayar da shi yawon duniya, ban musa ba. Za ka ga labari ɗaya yana zaga tarukan shekara da shekaru ba a ɗauki ko fitowa ɗaya ba. Amma ka faɗa mini gaskiya, a duk shirye-shiryen da ka yi, sau nawa aka gama rubuta zangon gaba ɗaya kafin a kunna kyamara?

Sarkin Lokeshin:
Ai masu kallo ne ke faɗa mana inda labari zai bi. In sun so jaruma a ƙara mata fitowa, in sun gaji da ita a aurar da ita ta bar gari.

Tsohon Edita:
Shi ya sa ni da ke zaune gaban kwamfuta nake shan wahala. A kashi na goma an ce mahaifinta ya rasu, a kashi na talatin ga shi yana shan shayi a tsakar gida. Ba wai marubutanmu ba su iya ba ne, ba a biyan su lokacin da za su zauna su yi tunani. Abin da kuɗin raya labari ke saya ke nan, lokaci.

Auta:
Baba don Allah waɗanne takardu ne suke nema? Ni ɗalibi ne, ban taɓa ganin irinsu ba.

Tsohon Edita:
Kowace kasuwa da nata fom ɗin, amma jigon ɗaya ne. Za su ce ka faɗi labarin a jimla ɗaya ko biyu, kuma wallahi wannan ya fi rubuta shafi ashirin wuya. Sai taƙaitaccen labari. Sai kundin shirin, wanda ke bayanin duniyar da labarin ke faruwa, su wane ne manyan 'yan wasan ciki, me kowa ke so, me zai faru a kowane kashi na zangon farko, da inda zango na biyu zai dosa. Sai cikakken rubutun kashi na farko. Sai bayanin darakta ko marubuci kan dalilin da ya sa shi ne ya dace ya ba da wannan labarin. Sai kasafin kuɗi da tsarin inda ake sa ran samo su. Sai aikin da kuka taɓa yi, da fassara a ƙasan allo. Kuma ba mutum ɗaya suke so ba, furodusa da marubuci ko darakta suke son gani tare.

A kan fassarar nan, ina roƙonku da girman Allah. Kun san irin Turancin da muke sakawa a ƙasan finafinanmu, wanda har 'yan Kudu ke ɗauka suna mana dariya da shi. Mai tace takardu yana da ɗaruruwan ayyuka a gabansa, in ya ga layi uku da ba su da ma'ana ya wuce. Ku biya wanda ya iya.

Barista:
Salam. Hajiya Maman Ilham, kin ce daga littafi aka ɗauko labarin. Akwai takarda tsakaninki da marubuciyar?

Maman Ilham:
Barista mun yi magana a waya, ta amince, na tura mata wani abu ta banki. 'Yar mutunci ce, ba za ta ba ni matsala ba.

Barista:
To a ajiye maganar Durban tukuna. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, sayar da haƙƙi ko ba wa mutum ɗaya izini shi kaɗai ba ya tabbata sai a rubuce. Izinin baka yana iya ba ki damar amfani da labarin, amma bai hana ta gobe ta ba wani furodusan irin wannan izinin ba, kuma ba ta karya doka ba. Shaidar tura kuɗi ta banki tana nuna kin ba ta kuɗi ne kawai, ba ta faɗi na mene ne ba.

Duk mai zuba kuɗi a waje abu na farko da lauyansa zai nema shi ne silsilar mallaka: daga mai littafi zuwa kamfaninki, daga marubucin fim zuwa kamfaninki, kowace gaɓa da sa hannu. Kamar fili ne, ko kin kewaye shi kin dasa bishiya, banki ba zai karɓe shi jingina ba sai ya ga takarda. Kuma kamfanin ya zama mai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da asusun banki da sunansa, domin ba a tura irin wannan kuɗin asusun mutum.

Abin da ake yi a wannan matakin ba sayen littafin gaba ɗaya ba ne. Ana ba da kafin alƙalami a riƙe labarin na wani lokaci, misali wata goma sha takwas, da damar sabuntawa sau ɗaya. A cikin takardar a rubuta nawa za a biya in an samu kuɗin ɗauka. In lokacin ya ƙare ba a samu ba, labari ya koma hannun mai shi, kafin alƙalamin kuma ya zama nata.

'Yar Alƙalami:
Allah ya saka da alheri Barista. Ni marubuciya ce, kuma na daɗe ina jiran ranar da za a yi wannan maganar a nan. Anti Maman Ilham ba da ke nake ba, amma abin da ake mana ya isa. Mu kwana muna taifin a waya, mu tara masu karatu da guminmu, sai furodusa ya kira ya ce "ƙanwata ga na kati", ya ɗauki labari ya canza sunaye, ko sunanka ba zai sa a farkon fim ba. Ni an taɓa yi mini, sai a talla na ga labarina. Yanzu kuma za a ɗauki labaran namu a kai ƙasar waje a karɓo dala da yuro. Idan ita marubuciyar ta amince da abin da aka tura mata, ta amince ne a kan shirin YouTube. Ta san da maganar Durban?

Maman Ilham:
Ba ta sani ba, domin ni ma bayan mun yi magana aka kawo mini shawarar. Ba ɓoye mata na yi ba.

'Yar Alƙalami:
To a faɗa mata kafin ta sa hannu a komai. Kuma in da hali a tafi da ita. Wa ya fi ta sanin matan nan na cikin labarin?

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Maganar 'Yar Alƙalami ta tafiya da marubuci ba ta tausayi ba ce kawai, dabara ce. A shiri mai dogon zango marubuci suke son gani, domin shi za su zauna da shi shekaru. Akwai ma shirye-shiryen horo da marubuta kaɗai suke ɗauka. Cibiyar Realness ta Afirka ta Kudu ta yi irin wannan da Netflix a 2021 ga marubutan Najeriya da Kenya da Afirka ta Kudu, ana biyan su alawus suna rubutu. Daga baya ta fito da AuthenticA, inda ake kai marubutan su gabatar da aikinsu a Series Mania.

Ita Series Mania a birnin Lille na Faransa ake yin ta a watan Maris. A zaman tallata labarinsu ayyuka wajen 15 suke ɗauka daga duniya baki ɗaya, wanda ya yi fice a ba shi yuro 50,000 na raya labari. Berlin ma na da nata a watan Fabrairu. Amma waɗannan wurare ne na wanda ya riga ya samu abokin hulɗa, ko tasha a gida da ta ce tana ciki. Wanda bai taɓa fita ba ya fara da na kusa.

Mu a nan ɓangaren Faransanci hanyarmu Wagadugu ce. Ouaga Film Lab tun 2016 take horar da darakta da furodusa tare, ga kuma FESPACO, bikin finafinan Afirka da aka fara a 1969, ake kuma yi yanzu duk bayan shekara biyu, da kasuwarta. Kada ku manta ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda, ya fara cin babbar kyautar FESPACO a 1972, ba baƙi ba ne mu a wurin. Sai dai asusun ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci da muka daɗe muna dogaro da shi, tun da Nijar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar a Maris 2025, dole mutum ya karanta jerin ƙasashen da aka yarda su nema kafin ya ɓata lokacinsa.

Sarkin Lokeshin:
Duk na ji. Amma ku bar ni in faɗi abin da kowa ke tsoron faɗa. Mutanen nan ba labarinmu suke so ba, labarin da suka riga suka yanke a kanmu suke so. Kai musu almajiri, kai musu auren wuri, kai musu Boko Haram, nan da nan za su buɗe jaka. Kai musu matan Kwari masu kuɗi da ke rigima a kan shago, su ce ba su ga "matsalar" ba. Ni ba zan tsaya gaban Bature ina tallata talaucin garinmu ba.

Baban Khalifa:
Wannan gaskiya ne. Ko ƙungiyoyin da ke ba da kuɗin fim a nan gida haka suke, sai ka cusa saƙonsu ko labari ya karɓa ko bai karɓa ba.

Ɗan Damagaram:
Akwai ƙamshin gaskiya, musamman a ɓangarenmu na labarin gaskiya. Na taɓa zama da wata wakiliyar asusu, ina mata bayanin masu sana'ar fata, ita kuma tana ta jan ni zuwa maganar 'yan ci-rani da ke bi ta Agadas. Na gane abin da za ta iya kare wa shugabanninta ke nan. Amma a raba masu ba da tallafi da masu saye. Mai tasha ko manhajar kallo ba tausayi ya kawo shi ba, so yake mutum ya gama kashi na ɗaya ya kasa barci sai ya ga na biyu. Rigimar gado a gidan masu kuɗi ita ce abin da Turkiyya da Koriya da Indiya ke sayar wa duniya, mu ma nan muna kallon nasu da fassarar Hausa. Labarin Hajiya irin wannan ne. Abin da zai bambanta shi, rabon gado na Musulunci, da kishiyoyi, da yadda ake bashi da amana a Kwari ba takarda, babu wanda ya taɓa nuna musu.

Sarkin Lokeshin:
Masu sayen su wa? Amazon ta daina ba da kwangilar sababbin shirye-shirye a Afirka tun Janairun 2024. 'Yan Legas da suka fi mu kusa da su ma kuka suke. Mu da ko lokacin da ake rabon ba a tuna da mu ba?

Tsohon Edita:
A nan kam ka fi ni gaskiya, kasuwar ta yi sanyi, kuma duk wanda ya ce maka akwai kuɗi birjik yana ruɗin ka ne. Amma cewa ba a taɓa tunawa da Hausa ba, ban yarda ba. Gasar da Netflix da UNESCO suka buɗe a 2021 ta sabunta tatsuniyoyin Afirka, mutum shida suka ci, kowa aka ba shi dala 25,000 tasa da dala 75,000 ta yin gajeren fim. Wadda ta ci daga Najeriya, Korede Azeez, da Hausa ta yi nata. Tambayar da nake yi tun lokacin, mu nawa ne a Kano da Kaduna da Jos muka cike fom ɗin?

Sannan kai Sarki, abin da kake rainawa shi ne makamin da ya fi kowanne. Ɗan fim daga Turai yana hawa dandamali da hasashen masu kallo. Kai kana da su a hannu. Buɗe shafin ƙididdiga na tasharka ka ga daga ina ake kallo: Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Sudan, Saudiyya, Ingila. Ka ga minti nawa suke zama, ka ga kashi nawa ne mata. Wannan shafin in ka sa shi a allo ya fi duk wani dogon Turanci. Yawancin waɗanda ke zaune a ɗakin ba su san akwai masu kallon Hausa masu wannan yawan ba, ba su san Arewa24 na watsa shirye-shirye da Hausa tun 2014 ba.

Sarkin Lokeshin:
In na nuna musu masu kallona su ba ni kuɗi, sai su ce kada in ɗora a YouTube. Na sayar da akuyata ta dawo tana ci mini danga.

Barista:
Ya danganta da irin kuɗin, kuma a nan ake cutar mutane saboda murna ba ta barin su karanta takarda. Akwai kyauta zalla, wadda ba a biya, iyaka ka sa tambarinsu ka kawo rahoton yadda ka kashe. Asusun Hubert Bals na Rotterdam irin wannan ne, yana ba da har yuro 10,000 na rubutu, sai dai na fim ne ba na dogon zango ba. Akwai wanda ake ba ka amma ranar da aka fara ɗauka a cire shi daga kasafin a mayar wa mai shi. Sai na uku, na tasha ko manhaja: su biya kuɗin rubutu, su kuma riƙe labarin, su ne za su fara cewa za su yi ko ba za su yi ba. Wannan na ukun ya fi maiƙo kuma ya fi haɗari. In babu sharaɗin da ya ce bayan lokaci kaza in ba su yi ba labari ya dawo hannunka, to zai iya kwanciya a durowarsu har abada, kai ba ka yi ba, su ba su yi ba.

Maganar YouTube kuma ciniki ne. Haƙƙi ana yanka shi ta ƙasa, ta harshe, ta lokaci. Kana iya ba su wajen Afirka ka riƙe gida, ko ka ba su shekara biyu su kaɗai sannan ka ɗora a tasharka. Wanda bai san ana yankawa ba shi ne ke sa hannu a kan "duk duniya, har abada".

Baƙon Jidda:
Salam daga ƙasa mai tsarki. Kuna ta maganar Turai kun manta da nan. Bikin finafinai na Red Sea a Jidda ake yin sa a ƙarshen shekara tun 2021, yana da kasuwa, yana kuma da asusu da ke karɓar ayyukan Afirka, har da masu dogon zango, tun daga matakin rubutu. Labarin gado da zaman gidan Musulmi ba sai an yi musu dogon sharhi ba. Ga Hausawa cike da Makka da Jidda da Madina masu kallon finafinanmu. In mutum ya dace ya haɗa da Umara.

Baban Khalifa:
Hhhh Alhaji ka gama magana. Ko ba a ci gasa ba an yi ɗawafi.

Maman Ilham:
Wallahi wannan ta fi kwanta mini. Dama ina tunanin biza, na ji yadda ake wahalar da mutane.

Ɗan Damagaram:
Ta ƙasashen Turai irin su Faransa da Jamus kuɗinta yuro 90, kuma in an hana ki ba a mayarwa. Takardar gayyata na taimakawa amma ba tabbas ba ce. Wasu tarukan suna ɗaukar nauyin jirgi da masauki ga wanda aka zaɓa, wasu masauki kaɗai, wasu mutum ɗaya cikin biyu. A karanta wannan sashen kafin a nema, kada a zaɓe ki ki rasa kuɗin zuwa.

Auta:
Ni ba talabijin nake so ba. Ina yin zane mai motsi a kwamfuta, gajeru na minti uku, tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, kuma abokina yana son yin wasan kwaikwayo na sauti kawai. Mu ma akwai inda za mu? Na ga ana maganar wani taro a Banff.

Tsohon Edita:
Banff a Kanada take, jihar Alberta, a watan Yuni. Tsohon taron talabijin ne da ya faɗaɗa ya haɗa da shirye-shiryen intanet. Amma ka gane, abin da ke sa tallata labari a can ya yi amfani shi ne 'yan Kanada suna da asusun gwamnati da na kamfanonin kebul, Canada Media Fund, da ke jiran su a gida. Mutum ya samu tasha ta ce tana so, sai asusun ya cika masa. Kai ba ɗan ƙasar ba ne, sai dai ka shiga ta hannun kamfaninsu. Wannan shi ne babban ramin da ke gabanmu gaba ɗaya: in aka tambaye ka nawa ka samo daga gida, mu ba mu da amsa sai "wani Alhaji ya yi alkawari".

Na zane, Annecy ta Faransa ce uwar tarukan, ita ma a Yuni, tana da zaman tallata ayyuka, Durban ma na karɓa. Amma kai da ke da kwamfuta a hannu, ka fi kowa sauƙi a nan. Gama guda uku masu kyau ka sake su. Aikin da aka gani ya fi kundin da aka karanta.

Baban Khalifa:
Wani abu da ba a taɓo ba. In Bature ya zuba kuɗi ya ce yana son fitowar da hukumar tace finafinai ta Kano ba za ta bari ba fa? A Mayun 2025 shirye-shirye 22 ta dakatar lokaci guda kan rashin kai su tacewa. Mai kuɗi zai yarda ya sa dukiyarsa inda za a iya tsayar da aiki da sanarwa ɗaya?

Tsohon Edita:
Za su tambaya, kuma gara kai ka fara faɗa. Ka ce ga dokar wurinmu, ga abin da ba a nunawa, ga matakan da ake bi, ga lokacin da na ware wa tacewa a jadawalina. Furodusan da ya san iyakokinsa ya fi ba su natsuwa a kan wanda ya ce komai zai yiwu. In kuma abin da suke so ba zai kallu a ɗakin mahaifiyarka ba, ba abokin tafiyarka ba ne, ka gode masa ka matsa teburi na gaba.

Sarkin Lokeshin:
Ni dai har yanzu ban ga abin da zai sa in bar lokeshin in tafi koyon jawabin minti bakwai da Turanci ba. Amma maganar shafin ƙididdiga ta shige ni. Baba in na haɗa, da shi zan je wajen kamfanonin taliya da na waya a nan gida, ba sai na nemi biza ba.

Tsohon Edita:
Ka je. Kundin da za ka kai Durban shi ne dai za ka kai musu, kuma in ɗaya ya sa hannu, ka samu amsar tambayar "nawa ka samo daga gida". KILAF ma, bikin finafinan harsunan Afirka da ake yi a nan Kano, tana da ɓangaren kasuwa, mutum ya fara gwada bakinsa a can gaban waɗanda za su gaya masa gaskiya da Hausa.

Maman Ilham:
Na kira marubuciyar yanzu, na faɗa mata komai. Ta ce ba ta ƙi ba, amma sai ta yi shawara da mijinta, kuma tana so ta ga takardar kafin mu sake maganar kuɗi. Barista zan biyo ka ta akwati.

'Yar Alƙalami:
Madalla Anti. Barista, in da ni ce ita, abu uku zan nema a rubuta: sunana ya fito shi kaɗai a allo a farkon kowane kashi, littafin ya ci gaba da zama nawa in sayar in buga yadda na so, sannan kada a canza ƙarshen labari sai da yardata. Suna yiwuwa?

Barista:
Biyun farko ba gardama, haƙƙinki ne, kuma a ƙara da cewa in an yi zango na biyu akwai sabon biya. Na ukun ne ba zai wuce ba. Babu mai zuba kuɗi da zai yarda mutum ɗaya ya iya tsayar da aiki bayan an kashe miliyoyi. Abin da ake rubutawa shi ne dole a nuna miki rubutun a ji ra'ayinki kafin a ɗauka, kuma in an canza shi har kin ji ba naki ba ne, kina da ikon cire sunanki ba tare da an taɓa kuɗinki ba.

'Yar Alƙalami:
A cire sunana a bar musu labarina su lalata? Ban gamsu ba Barista. To in ni ce na rubuta fim ɗin da kaina fa, ba littafin kaɗai ba?

Barista:
Wannan takarda ta biyu ce daban, da kuɗinta daban, kuma a nan ne za ki fi samun iko, domin kina cikin ɗakin da ake yanke shawara. Amma sai kin yarda a ce miki sake rubutawa, sau da yawa, daga bakin mutanen da ba su karanta littafin ba. Ki turo mini samfurin yarjejeniyar da aka taɓa ba ki, in akwai, in nuna miki layukan da za ki riƙa dubawa.